Gishiri a Ƙarƙashin Gidanmu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya tashe mu lafiya har muka ga fuskokin juna yau. Salamarsa ta zauna da ku da gidajenku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rifkatu, matar Bitrus, wancan dogon da ke zaune a baya yana yi kamar bai taɓa ganina ba. Mu mutanen kudancin Kaduna ne. Waɗanda suka san ni kuwa, da tambaya suka san ni. Ni ce wadda idan Fasto ya ce ko akwai mai tambaya a wurin nazari, sai kowa ya saci kallon agogo. Tun ina ƙarama ba na ganin abu in wuce. Sai na taɓa, sai na shinshina, in ta kama ma in sa a baki. Mahaifiyata ta doki bayan hannuna a kan wannan hali har ta gaji ta bar ni.

Mun daɗe da aure ba haihuwa. Ba zan ɓoye muku ba, a shekarun nan addu'ata ba roƙo ba ce sosai, tambaya ce. Me ya sa wance, ban da ni? Me kake jira? Wani lokaci in tashi daga durƙuso ina jin kamar na yi magana da bango. Sai ga shi Allah ya ba mu Ishaya, a shekarar da aka yi babbar guguwar nan da duk wanda yake garin nan a lokacin bai manta da ita ba. Yaron bai yi arba'in ba ta zo.

Lokacin muna zaune a tsibirin Staten Island, a gangaren Tompkinsville ta wajen ruwa, cikin wani tsohon gidan bulo mai hawa uku. Na ƙasa shago ne. Na tsakiya wata 'yar Ghana ce, Hajiya Adiza, mai aikin kula da tsofaffi. Mu muna na ƙarshe, rufi a kanmu. Can ƙarƙashin ƙasa kuma akwai besmen, inda injin wanki yake, da babbar tukunyar da ke ɗumama gidan duka.

Mama ta zo daga gida don ta yi mini jego. Matan da ke nan sun san abin da nake nufi. Wanka da ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, yaji a cikin komai, ba fita, ba taɓa ruwan sanyi. Har da tukunyarta ta dafa ruwan wanka ta zo, wata ƙatuwa mai baƙin gindi. Yadda ta wuce da tukunyar nan a filin jirgin JFK, har yau ban gane ba.

Abin da ya fi damun Mama shi ne sanyi. Ta ce ɗakinmu ba ɗakin mai jego ba ne, iska tana shiga ta kowace kafa. Ran da na aike ta wanki ta gano besmen, ta dawo tana murmushi. Ta ce ta ga ɗaki ɗaya mai hankali a duk Amurka, ɗumi kamar an hura wuta a ƙarƙashin gado. Daga ranar, in ka neme ta ka rasa, tana can.

Da aka fara sanarwa a talabijin cewa guguwa na tafe, aka ce waɗanda ke kusa da ruwa su tashi su koma makarantun da aka tanada. Bitrus ya kawo maganar a hankali, yana kallon ƙasa, don kun san tsakanin mutum da surukarsa. Mama ta ce jaririn da cibiyarsa ba ta gama warkewa ba ne za a kai cikin taro, kowa yana tari a kansa? Ta ce mai jego ba ta fita, ko a Kafanchan ko a ƙasar Turawa. Bitrus ya haƙura. Dama shekarar da ta gabata an yi irin wannan sanarwa, iska ta zo ta karya 'yan rassa a unguwarmu ta wuce. Da safe aka kira shi wurin aiki a filin jirgi, su ɗaure kaya kafin iska ta yi ƙarfi. Ya ce zai dawo da rana. Kafin ya gama aka rufe gadar shiga tsibirinmu.

Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, ba tsoro nake ji ba. So nake in gani. A garinmu hadari ba ya aiko da saƙo, sai dai ka ga gabas ta yi baƙi ka ruga ka kwashe shanya. Amma wannan, kwana da kwanaki ana cewa ga ta nan, har da suna aka raɗa mata kamar baƙuwa. Na tsaya a taga da yaro a kafaɗa ina kallo. Fitilar hanya tana lilo a kan wayarta. Ruwan ma ba wani mai yawa ba, yayyafi ne da iska ke watsawa a kwance. Ba tsawa, ba walƙiya. Na yi ta tambayar kaina wane irin hadari ne wannan da ba ya ko tsawa.

Duk da haka Mama ta rufe madubi da zane, ta sa na kashe waya, don a wurinta waya da madubi suna jawo aradu. Na kashe. Mai jego ba ta musu da mai yi mata wanka.

Bayan azahar iska ta canza murya. Ta daina kaɗawa ta fara turi. Sai muka ji wani abu a kan rufi yana ɗagawa yana faɗuwa, yana ɗagawa yana faɗuwa. Na juya na ga Mama a tsaye a tsakar ɗaki, idonta a sama.

Na san abin da take gani. Muna yara, a farkon wata damina, iska ta yaye kwanon gidanmu muna ciki. Wani falle ya dawo ya yanki wana Ɗanladi a kafaɗa, da kyar aka tsai da jinin. Tun daga ranar, da iska ta taso Mama takan tattara mu ta kai mu ɗan ɗakin ƙasa na kakarmu, mu kwanta a daɓe ta rufe mu da jikinta. A garinmu iska rufi take nema, kuma wanda ya yi ƙasa shi ya tsira. Wannan ba camfi ba ne, abin da idonta ya gani ne.

Ta ce, "Naɗe yaron nan mu sauka."

Na ce mata na ji a talabijin suna maganar ruwa, suna cewa a guji wuri mai kwari. Ta ce ruwa daga sama yake zuwa, kafin ya iske mu a besmen sai ya ratsa hawa uku. 'Yan'uwa, ni da na yi makaranta, maganar nan ta zauna mini daram. A duk rayuwata ban taɓa ganin ruwan da ya zo ta wata hanya ba.

Muka ja 'yar katifa, muka ɗauki fulas ɗin kunu da tocila, Mama ta rungumi tukunyarta. Da muka zo ƙofar Hajiya Adiza muka ji tana salla, sai muka wuce ba mu buga ba. Ba wanda ya san inda muka shiga.

Besmen ɗin kuwa shiru, ga ɗumi. Kukan iskar ya koma can nesa. Mama ta shimfiɗa katifa kusa da tukunyar ɗumama gida, ta gyara wa Ishaya kwanciya, ta zuba mini kunu. Fuskarta ta saki. Ta ce ai ga shi, wanda ya gina gidan nan ya san abin da yake yi.

Amma ni zuciyata ta ƙi kwanciya, kuma ban san dalili ba. Muka yi ta zama har hasken da ke shigowa ta 'yar tagar saman bango ya dushe. Na dubi yaron nan da na yi shekaru ina tambayar Allah a kansa, yana barci, ɗan hannunsa a dunƙule. Sai na durƙusa a gefen katifa. Ban iya doguwar addu'a ba a ranar. Na ce, "Ya Uba, ni dai ka san ni da tambaya. Yau guda ɗaya ce. Sama ko ƙasa? Ka ba ni amsa yadda zan gane, don yaron nan naka ne."

Na kasa kunne. Ban ji murya ba, ban ga haske ba, kada in ƙara gishiri a labari. Abin da na ji shi ne wani ɗan sauti, kamar tsoho yana kurkure baki.

A tsakiyar daɓen akwai wani ɗan rami mai murfin ƙarfe, inda ruwan wanki ke bi ya tafi. Daga nan sautin yake fitowa. Na haska tocila na matsa. Ruwa ne yake ɓulɓulowa, yana fitowa ya bazu, ya ɗan koma, ya sake fitowa fiye da na farko. Na tsuguna ina kallo. Ramin da aka yi don ruwa ya tafi, me zai sa ruwa ya riƙa fitowa ta cikinsa? Kuma me ya sa yake zuwa yana komawa kamar mai numfashi?

Mama ta ce in tashi daga nan, mai jego ba ta taɓa ruwan sanyi. Ta ce bututu ne ya toshe, haka gidajen birni suke. Amma hannuna ya riga ya kai. Sanyi kamar ƙanƙara. Kafin in yi tunani, yatsana yana bakina.

Gishiri.

Kada wani ya kwaikwaye ni, don Allah. Da na gaya wa likita daga baya, sai da ya cire tabarau ya dube ni, ya lissafa mini abubuwan da ke cikin ruwan nan. Amma a lokacin, abu ɗaya na sani: ruwan sama ba shi da gishiri, ruwan famfo ba shi da gishiri.

Na ce, "Mama, mu tashi."

Ta ce ba inda za ta da jariri iska tana cin rufi. Ruwan ya riga ya kai bakin katifa. Ban taɓa yi wa mahaifiyata gardama ido da ido ba, kuma na ga ko na yi, magana ba za ta ci ta ba. Sai na sake tsoma yatsa, na je na shafa mata a leɓe. Ta ɗaga hannu za ta make ni kamar da, sai hannun ya tsaya a sama. Ta lashi leɓenta.

Ta ce, "Wa ya zuba gishiri a ciki?"

Na ce, "Ba kowa, Mama. Teku ne. Ta ƙasa ya biyo."

Mama ta ga tekun nan sau ɗaya, ran da muka hau jirgin fito da ita, kuma tun daga wannan gaɓa har waccan idonta a rufe yake. Ta san girmansa. Na ga tana auna abu biyu a zuciyarta, kwanon da ya yanki ɗanta da ruwan da ba ta ga ƙarshensa ba. Ta ce to rufin fa? Na ce ba za mu hau har can ba, mu tsaya a tsakiya, wurin Hajiya. Ta sunkuya ta ɗauki Ishaya, ta cusa shi cikin rigarta a ƙirji, ta ɗaure da zane. Tukunyar ko kallonta ba ta yi ba.

Kafin mu kai matakala ruwa ya wuce idon sawu. Muna taka ta farko wuta ta ɗauke. Muna tsakiyar hawa muka ji wata ƙara a bayanmu, ƙofar besmen da ke fita waje ta ɓalle. Na waiga da tocila, don ni ba na iya rashin waige. Ruwa ne baƙi yake shigowa a tsaye, ya ɗauki katifarmu ya juya ta, ya kifar da injin wanki kamar kwanon sha. Wurin da Ishaya yake kwance ɗazu, babu shi.

Yesu! Abin da bakina ya iya faɗa ke nan, kuma shi na yi ta faɗa har muka hau.

A saman matakala muka ci karo da hasken wata tocila. Hajiya Adiza ce, carbi a hannu, mayafi ya zame. Ashe ta hau ta yi ta buga ƙofarmu, ta kira wayata a kashe. Ta ce da Mama, da irin Hausarsu ta zango, "Mma, ina ka shiga da baby? Na buga door naku har hannuna ya mutu." Ba ta jira amsa ba, ta ja mu ciki.

Ba falo ta kai mu ba. Akwai wani ɗan lungu tsakanin ɗakin kwananta da banɗaki, ba taga ko ɗaya, nan ta jawo katifarta. Ta rufe duk ƙofofin da ke kewaye da mu. Ta riga ta cika bahon wanka da ruwa, ta ajiye burodi da ruwan sha a kusa. Ta ce ita ma tsoro take ji, tun rana take neman wanda za su ji tsoron tare.

Muka zauna mu uku, gwiwa tana taɓa gwiwa, yaro a tsakiya. Gidan yana nishi. Mama ta riƙa duban silin, amma da ta tuna akwai wani hawa tsakaninta da rufi sai ta ɗan sauke numfashi. Hajiya tana jan carbinta, Mama tana waƙar sujada da yarenmu a hankali, ba wadda ta ce wa wata ta yi shiru. Na kunna waya na ga kiran Bitrus ba iyaka. Na gwada kiransa, layi ya mutu.

Kun san hali. Da na ɗan samu natsuwa sai na ji ina so in ga yadda titi ya koma. Na miƙe zan leƙa ta tagar falo. Hajiya ta cafke zanena ta ce in zauna, tagar ba talabijin ba ce. Ban daɗe da zama ba muka ji wani abu ya daki tagar nan, gilashi ya watse a falo. Ban ƙara neman leƙe ba sai da gari ya waye.

Da safe iska ta faɗi. Ruwa ya janye daga titi ya bar laka da warin mai da na kifi, motoci sun juya kowace ta kalli inda ta ga dama. Na buɗe ƙofar besmen. Ruwa ya cika shi har matakala ta sama, ba ka ko ganin silin. A kan ruwan, ga tukunyar Mama tana yawo, tana ɗan bugun bango.

Muka hau namu ɗakin. Iska ta yaye gefen rufi, tagar da na tsaya ina kallo jiya ta fashe, gilashi da ruwa a kan gadonmu, daidai inda muke kwantar da Ishaya. Mama ta riƙe ƙugu ta dube ni ta ce, "Ban faɗa ba?" Na ce ta faɗa. Da mun zauna a sama, da mun ga abin da take tsoro. Da mun zauna a ƙasa, da ba wanda zai ba da labari.

Kuna tsammani don wannan Mama za ta ɗaga mini wanka? Murhun Hajiya na gas ne, yana aiki. Ta ari tukwanen miya, ta ɗebi ruwan baho ta tafasa, ta tura ni banɗaki.

A daidai lokacin Bitrus ya iso, bayan an buɗe gada. Shi ya ba ni wannan da bakinsa. Ya shigo ya ga ƙofar besmen a buɗe, ya ga ruwa, ya ga tukunya. Ya san tukunyar, ya kuma san inda Mama take son zama. Ya ce sai ya zauna a cikin laka, ko kiran sunana ya kasa. Yana nan zaune sai ya ji wata ƙara daga sama, ƙarar da yake ji safe da yamma tun da na haihu. Ni ce, Mama ta ɗora mini tawul mai zafi a baya. Ya ce bai taɓa jin waƙa mai daɗin ihun nan ba. Halleluya!

'Yan'uwa, ba kowa ne ya samu irin safiyarmu ba. A tsibirin nan akwai waɗanda ruwa ya iske a ƙasan gidajensu ba su fito ba. Ba mu fi su kirki ba, ba mu fi su wayo ba, mu da aka ce mu tashi muka ƙi. Me ya sa mu, ban da su? Wannan ma na tambayi Allah, kuma har yau bai ba ni amsa ba. Amma yanzu in na tashi daga durƙuso ba na jin na yi magana da bango. Na san akwai mai ji.

In an ce ku tashi, ku tashi, ko da jego ko ba jego. In kuma ta rutsa da ku a cikin gida, kun ji inda muka tsira: ba ƙarƙashin ƙasa ba, ba gindin rufi ba, ba kusa da taga ba.

Ran da Mama za ta koma gida, muna tsaye a filin jirgi, tukunyarta an wanke an naɗe, sai ta kama hannuna na dama. Ta juya shi, ta daɗe tana shafa bayansa, daidai inda ta saba duka. Ta ce, "Na yi iya ƙoƙarina in raba ki da sa abu a baki. Na gode wa Allah da bai ba ni sa'a ba."

Ishaya yana can ajin yara yanzu. In ka yi masa Hausa ya amsa da Turanci, kuma duk abin da ya tsinta sai ya kai baki. Ina hana shi, amma hannuna ba ya yin nauyi.

Ina gode wa Yesu da ya amsa mini da yaren da nake ji. Wanda yake da tambaya a cikinku, kada ya ji kunyar kai ta gabansa. Ya san yadda ya gina kowa, ya kuma san ta ƙofar da zai shigo. Ku dogara gare shi. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.